Sha-kauci: Siffofinsa da danginsa

Sha-kauci ɗan ƙaramin tsuntsu ne mai rayuwa kan ruwan zaƙin furanni da ƙananan ƙwari. Ana ganinsa a dazuzzukan Dogon Daji da ke yankin Tambuwal da Kebbe, kuma ya samo sunansa daga kauci, tsiron da ke fitowa a rassan ɗorawa da kaɗanya.

Bakinsa siriri ne mai lanƙwasa, harshensa kuwa kamar tsinken zuƙa. Namiji ne mai ado. Nau'in da masana ke kira Cinnyris pulchellus kore ne mai walƙiya, ƙirjinsa ja da rawaya a gefe, ga dogayen gashin wutsiya biyu. Chalcomitra senegalensis ya fi shi girma, baƙi ne mai jan ƙirji. Macen ba ta da wannan ƙawa, shi ya sa ake yi mata kallon wani tsuntsu dabam.

Masana sun sanya shi cikin dangin Nectariniidae, mai nau'o'i fiye da 140 a Afirka da Asiya har zuwa arewacin Ostireliya. Akwai wasu masu shan furanni, dangin Meliphagidae, nau'i fiye da 180 a Ostireliya da Niu Gini da Niu Zilan, waɗanda kan harshensu ke da gashi kamar buroshi. Kama ce kawai da cimaka iri ɗaya ta haifar, zuriyarsu ba ɗaya ba ce.

Amfaninsa ga daji babba ne, domin yana barbarar furanni. Sare manyan itatuwa don gawayi na rage masa abinci da wurin rataya sheƙa.