Daren da jirgin Gwamna Suntai bai kai Yola ba

Yau tarihi za mu taɓa, amma ba mai nisa ba, don da yawanmu muna makarantar sakandare ko firamare lokacin da abin ya faru.

Abin da ya tuno mini da shi hira ce da muka yi a majalisarmu a nan Gummi. Ana zancen yadda hanyar Gusau ta Anka ta zama sai da addu'a, sai wani abokina ya ce ai manya sun huta, su ta sama suke bi, kuma ga filin jirgi ana yi musu a Gusau. Na ce masa sama ma tana da nata sharuɗɗan, ka tambayi mutanen Taraba.

Ranar Alhamis 25 ga Oktoba 2012, jajibirin Babbar Sallah, gwamnan Taraba Danbaba Danfulani Suntai ya tashi daga Jalingo zuwa Yola a wani ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 208 mai inji ɗaya. Shi da kansa yake tuƙi, jami'an tsaronsa na tare da shi. Asalinsa masanin haɗa magunguna ne da ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello, tuƙin jirgi kuwa sha'awa ce, ya koye shi a kwalejin koyon tuƙin jiragen sama ta Zariya yana kan kujerar gwamna. Da almuru, kafin su isa filin jirgin Yola, jirgin ya faɗi a wajen gari. Ba wanda ya mutu nan take, amma gwamnan ya samu mummunan rauni a kai.

To me ya sa kusan sauka ne aka fi jin irin wannan? Jirgi iskar da ke bi ta fukafukansa ce ke riƙe shi, kuma sai yana gudu take riƙe shi. In za a sauka dole a rage gudu, a kusanci iyakar da in aka gota ta fukafukin zai daina ɗaukar nauyi, hancin jirgin ya sunkuya ko ya karkata gefe ɗaya. In wannan ya same ka can sama, kana da sararin gyarawa. Kusa da ƙasa kuwa daƙiƙu ƙalilan gare ka. Ƙaramin jirgi ba shi da nauyi, iskar da ta bugo daga gefe sai ta ture shi daga saitin titi, kuma sau da yawa matuƙi ɗaya ne, ba mataimakin da zai ce masa "kai, mu sake zagayowa."

Sai kuma duhu, wanda shi ne babban lamarin a nan. Tuƙin jirgi iri biyu ne: akwai mai tuƙi da ido, yana kallon ƙasa da inda sama ta haɗu da ita, akwai kuma wanda aka horar ya dogara da na'urorin gabansa ko da bai ga komai a waje ba. Rana na faɗuwa, musamman a dajin da ba fitilu, wannan layin na nesa sai ya ɓace. Daga nan jikin mutum ke fara yi masa ƙarya: zai ji kamar a miƙe yake, alhali jirgin ya kwanta yana gangarowa. Wallahi ba batun jarumta ba ne, haka kunnen ɗan Adam yake. Ƙurar hunturu ma tana yin irin wannan da rana tsaka.

Rahoton da hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta ƙasa ta fitar daga baya bai ɓoye ba. Ya ce lasisin da matuƙin yake da shi bai kai ya tuƙa wannan samfurin jirgin ba, kuma ya yi tafiyar tuƙi da ido bayan faɗuwar rana. Ni dai a nan nake tsayawa. Jirgin nan ba a ɓoye ya tashi ba. Akwai masu kula da shi, akwai muƙarrabai, akwai hukumomi. Da talaka ne ya zo da wannan takardar, da tun a ƙasa an tare shi. Amma wa zai kalli gwamna ya ce, "Ranka ya daɗe, rana ta yi sanyi, a bari sai gobe"?

Jihar gaba ɗaya ce ta biya kuɗin wannan shirun. An kai shi Abuja, daga nan Jamus, sannan Amurka. Mataimakinsa Alhaji Garba Umar, wanda makonni kaɗan ke nan da naɗa shi bayan majalisa ta tsige Sani Abubakar Danladi, ya zama muƙaddashi. A watan Agustan 2013, bayan wata 10, aka dawo da Suntai, aka sauko da shi daga jirgi ana tallafe da shi, kowa ya gani a talabijin. Takarda ta isa majalisa cewa ya koma aiki, aka kuma sanar da rushe majalisar zartarwa, amma akasarin 'yan majalisar dokoki suka ce bai warke ba. Sashe na 189 na kundin tsarin mulki ya tanadi yadda za a yi in gwamna ya gaza saboda rashin lafiya, sai dai matakin farko yana hannun kwamishinonin da shi ya naɗa. Rikicin ya ɗauki launin addini da na ƙabila, abin da Taraba ba ta buƙata. A Nuwamban 2014 Kotun Ƙoli ta soke tsige Danladi, ya dawo ya karɓi riƙon jihar har zuwa Mayun 2015.

Suntai bai sake komawa yadda yake ba. Ya rasu a Amurka ranar 28 ga Yuni 2017, saura kwana 2 ya cika shekara 56.