Mudu a Gaban Allo: Koyar da 'Yancin Kasuwa ga Ɗaliban Kirista a Zamfara

A manhajar tattalin arziki da ɗaliban babbar sakandare ke rubuta jarrabawar WAEC da NECO a kanta, akwai babi kan jari-hujja da gurguzu da tsarin da ya haɗa biyun. Malami kan zana layuka biyu a allo, ɗaya na buƙatar masu saye, ɗaya na yawan kayan da ke kasuwa, ya ce inda suka gamu nan farashi ke tsayawa. Ba a ambaci Allah ba, ba a ambaci zalunci ba. Alhali yaron da ke zaune a ajin, ɗan Gusau ne ko Tsafe ko Bungudu, Kirista ne ko Musulmi, ya tashi yana jin cewa tauye mudu zunubi ne, ɓoye hatsi lokacin yunwa kuma abin tsinuwa. Saboda haka ina tare da masu cewa a koyar da wannan fanni da idon addini. Inda muka rabu da wasunsu shi ne inda suke so a gaya wa yaro cewa sakar wa kasuwa mara shi ne koyarwar Kiristanci kanta.

Wannan ra'ayi a Amurka ya fi ƙarfi. Kamfanonin ɗab'i irin su Abeka da BJU Press suna wallafa wa makarantun Kirista littattafan tattalin arziki a kan wannan turba, cibiyar Acton kuma, wadda aka kafa a 1990 a jihar Mishigan, aikinta ke nan. Hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Dokar Allah da ta hana sata ta tabbatar da cewa mutum yana da abin da yake nasa. Misalin talanti a Matiyu sura ta 25 ya yabi bawan da ya juya dukiyar maigidansa, ya zargi wanda ya binne ta. Tarihi ma yana bayansu: a 1556, shekara 220 kafin Adam Smith ya fitar da littafinsa kan arzikin ƙasashe, malamin coci Martin de Azpilcueta na Salamanka ya riga ya bayyana yadda kwararowar azurfa da zinariya daga nahiyar Amurka ta tayar da farashi a Sifen. Ɗalibin Kirista ba baƙo ba ne a wannan ilimi.

Zamfara kanta tana ba su shaida. Gusau ta bunƙasa ne bayan layin dogo ya ratsa ta zuwa Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa suka jawo Yarbawa da Ibo da Kwarori, majami'u da yawa na garin kuma ta wannan hanya suka samu masu ibada. Hukumomin sayen amfanin gona na gwamnati sun yi shekaru suna sayen audugar manomi ƙasa da farashin duniya, har aka rushe su a 1986. A watan Satumba na 2021, da gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako aka kuma katse layukan waya don a matsa wa 'yan bindiga, kowa ya ga amfanin kasuwa da rashinta: mai akuya ya rasa inda zai sayar ya sayi magani, mai kuɗi a birni ya rasa hatsi mai sauƙi. Malamin da ya bar wannan darasi ya wuce bai yi wa ɗalibansa adalci ba.

To amma a tambayi manomin ƙauyukan Tsafe wa ya ɗaure masa kasuwa yau. Littafin Amurka an rubuta shi ne da tsoron gwamnati mai yawan shisshigi. Abin da ya fi cin manominmu rashin hukuma ne. Ɓarayin daji ke sa wa ƙauye haraji kafin a yi shuka, su sake sa wani kafin a yi girbi. Direban da ke bin hanyar Gusau zuwa Funtuwa yana lissafa haɗarin hanya cikin kuɗin dakonsa, mai saye a birni shi ke biya. Smith da kansa, wanda malamin falsafar ɗabi'a ne a Jami'ar Gilasgo, ya ɗora wa mai mulki nauyin tsaro da shari'a da ayyukan jama'a. Wanda ya koya wa yaron Tsafe cewa maganin talaucinsa shi ne gwamnati ta ƙara janye hannu, ya ba shi maganin cutar da ba ita ke damunsa ba.

Sai kuma batun zinariya. Da farashinta ya tashi a duniya, mutanen ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka shiga niƙa duwatsu a tsakar gida. Farashi ya yi aikinsa daidai yadda littafi ya ce: ya kira mutane zuwa inda riba take. Ƙurar dutsen tana da dalma, kuma a 2010 yara fiye da 400 suka mutu. Babu layin da ke kan allo da ya ɗauki lissafin waɗannan yara.

Na taɓa shiga aji a Gusau da mudu biyu da ƙullin gero. Ɗaya lafiyayye, ɗaya an doke gindinsa ya shige ciki kaɗan, yadda ido ba ya kamawa sai an juya shi. Muka auna, muka zuba a faranti, bambancin ya fito fili. Na tambaye su: idan mai saye ya ga mudun ya kuma yarda, akwai laifi? Yawancinsu suka ce babu, tunda ba a tilasta masa ba. Wata yarinya daga wajen Bungudu ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, mai jin yunwa ai ba ya taya kaya, karɓa kawai yake yi." Ta ba da misalin abin da kowa ya sani a ƙauye: cikin watan Agusta, rumbu ya ƙare, gero bai nuna ba, magidanci ya karɓi kuɗin da bai kai rabin buhu ba, da sharaɗin zai biya da buhu cikakke da kaka. A takarda yarjejeniya ce ta mutum biyu masu 'yanci. Abin da yarinyar nan ta hango shi ne abin da Fafaroma Leo na 13 ya rubuta a wasiƙarsa ta 1891 kan ma'aikata: amincewar da larura ta tilasta ba ta mai da lada na adalci. Bayan shekara 100, Fafaroma John Paul na 2 ya karɓi tattalin arzikin kasuwa, amma da sharaɗin ya kasance cikin shingen doka mai ƙarfi. Sharaɗin nan shi ake yawan tsallakewa.

Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta Hausa ta fito tun 1932, ba ya barin a tsallake shi. Littafin Firistoci sura ta 19 ya umarci mai gona ya bar gefen gonarsa da kala domin matalauci, ya kuma riƙe ma'auni na gaskiya. Annabi Amos, a sura ta 8, ya tsawata wa 'yan kasuwa masu rage mudu su ƙara farashi. Mafi amfani ga malami, a ganina, ita ce aya ta 26 a Karin Magana sura ta 11, inda aka la'anci mai ɓoye hatsi aka sa wa mai sayarwa albarka. A lura: mai sayarwa aka ce, ba mai rabawa kyauta ba. Ayar ba ta ƙi kasuwa ba, riƙe abinci don a ci da gumin jama'a ta ƙi. A nan tambaya mai wuya take. Ɗan kasuwar da ya sayi gero da kaka yana arha ya ajiye zuwa damina yana yi wa jama'a aiki, don ba don shi ba da hatsin ya ƙare da wuri ko ya lalace. Yusufu ma ajiya ya yi a Masar. Yaushe ajiya ke komawa ɓoyewa? Ba za a amsa ba sai an san ko masu rumbunan ajiya suna da yawa ko 'yan kaɗan ne da ke haɗa baki, ko hanya a buɗe take wani ya kawo hatsi daga Funtuwa ya karya farashi, ko manomi yana da wani wurin cin bashi. Waɗannan tambayoyin tattalin arziki ne tsantsa, aya ba ta amsa su. Ayar ce dai ke sa yaro ya damu ya yi su.

Akwai wani dalili na kusa. Tun da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, Kiristan Zamfara yake rayuwa a matsayin tsiraru a jihar shari'a, kuma abokin cinikinsa na kullum Musulmi ne. Ya kamata ya san cewa maƙwabcinsa yana da irin wannan muhawara a gidansa. An ruwaito cewa Annabi Muhammadu (SAW) ya ƙi ƙayyade farashi a Madina da aka roƙe shi, kuma shi ne ya hana ɓoye kaya da tarar fatake a hanya kafin su san farashin gari. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki jangali da sauran kuɗaɗen da sarakunan Hausa ke karɓa ba bisa ƙa'ida ba. Koyarwar da ta nuna wa yaro cewa 'yancin kasuwa mallakin Kiristanci ne ta raba shi da mutumin da za su tsaya gaban mudu ɗaya.

Wani zai ce jarrabawa ba ta tambayar wannan, lokaci kuma kaɗan ne. Gaskiya ne, shi ya sa nake raba darasin biyu ba tare da na cakuɗa ba. Da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, mun fara lissafa yadda kuɗin mota daga Gusau zuwa Tsafe zai shafi farashin tumatir da albasa, kamar yadda mai jarrabawa ke so. Bayan an gama sai muka tambayi wa nauyin ya faɗa wa, da abin da yake bin ikilisiya bashi.

Aikin gida da na fi ba su shi ne kowa ya samu littafi ya riƙa rubuta kuɗin mudun gero a kasuwar unguwarsu kowane mako, daga kaka har tsakiyar damina. A gefen kowane farashi sai ya rubuta abin da mai awo ta ce ya jawo shi: hanya ce ta toshe, ko mai ne ya tashi, ko an hana wani ƙauye girbi.