Asibitin dabbobin Disney da aka ajiye a ƙarshen layin dogo

A cikin katafaren wurin shaƙatawa na Disney's Animal Kingdom da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, akwai wani sashe da ba a isa gare shi da ƙafa. Sai mutum ya je tashar Harambe, wani garin kwaikwayo da aka gina da fasalin garuruwan gaɓar Afirka ta Gabas, ya bi layi, ya hau jirgin ƙasa. Jirgin ya yi kama da tsohon mai gawayi, har da akwatuna da kekuna a ɗaure a saman tarago, amma da man dizal yake tafiya, kuma wani kamfanin Ingila mai suna Severn Lamb ne ya ƙera shi. Kujerunsa duka gefe ɗaya suke kallo. Bayan kamar minti bakwai a sauka, a sake taka sayyada cikin zafin Florida, kafin a iso ginin da ake kira Conservation Station, inda asibitin dabbobin yake. Tun 1998 baƙi ke gardama a kan ko wannan tafiya ta cancanci sa'a ɗaya da rabi daga yinin da suka saya da tsada.

Gardamar ta girmi ginin. Lokacin da Walt Disney yake shirin buɗe Disneyland a California a 1955, ya so a zuba namun daji masu rai a gaɓar kogin kwaikwayo na Jungle Cruise. Masana suka ba shi shawara ya haƙura, domin dorina da zaki ba sa bin jadawali: kwale-kwalen safe zai ga dabba, na rana ya tarar ta shige duhuwa tana barci. Sai aka ƙera giwayen inji da kadojin roba masu buɗe baki a daidai lokacin da ake so. Walt ɗin ba baƙo ba ne ga dabbobi. An kawo barewa masu rai situdiyonsa don masu zanen fim ɗin Bambi na 1942 su ga yadda suke taku, kuma daga 1948 zuwa 1960 kamfaninsa ya fitar da jerin finafinan namun daji na True-Life Adventures, waɗanda suka kwashi lambobin Oscar. Sai dai ko a can an ga halin gidan: a White Wilderness na 1958, ɓerayen dawan da aka nuna suna faɗawa ruwa da kansu, daga baya ya bayyana cewa masu ɗaukar fim ne suka tura su. Idan dabba ta ƙi yin abin da labari yake so, labari ne ke yin nasara.

Gwajin farko da Disney ta yi da namun daji masu rai a Florida shi ne wani tsibiri a tafkin Bay Lake, wanda aka buɗe a 1974, daga baya aka sa masa suna Discovery Island. Abu biyu ake tuna shi da su. A nan ne ɗan tsuntsun nan dusky seaside sparrow na ƙarshe a duniya ya mutu ranar 17 ga Yunin 1987. Danginsa sun ƙare ne bayan an cika fadamunsu na Merritt Island da ruwa don yaƙi da sauro, kuma 'yan kaɗan da aka kama domin ceto duk maza ne. Na biyu ya fi muni. A 1989 aka tuhumi kamfanin da wasu ma'aikatansa da laifuka 16, ciki har da dukan ungulayen da suka addabi tsibirin har lahira. Aka sasanta a kan dala 95,000.

Da wannan tabon a goshi Michael Eisner, shugaban kamfanin na lokacin, ya shiga batun gina wurin shaƙatawa na huɗu a Walt Disney World. Akwai lissafin kasuwa a ciki, domin Busch Gardens da ke Tampa, tafiyar sa'a ɗaya da 'yan mintuna, tun 1965 yake jan jama'a da filin namun dajin Afirka. Aka ɗora aikin a kan Joe Rohde, wani mai zane da aka fi sani da tarin 'yan kunnen da suka ja masa fatar kunne ɗaya. Manyan kamfanin suna ta shakkar ko ganin dabba kawai zai burge wanda ya saba da lilo mai juya ciki. Rohde bai tsaya dogon bayani ba. Ana tsakiyar wani taro aka shigo da damisar Bengal mai rai, ta zaga ɗakin a ɗaure da sarƙa, shi kuwa ya ci gaba da magana kamar bai gan ta ba. An amince da dabbobi masu rai.

Sauran aikin shi ne shawo kan masu gidajen zu, domin ba a sayen karkanda da gwaggon biri a kasuwa. A wannan lokacin sana'ar ta riga ta sauya fuska. Carl Hagenbeck ya nuna tun 1907 a Hamburg cewa ana iya raba zaki da 'yan kallo da rami mai zurfi maimakon sandunan ƙarfe, kuma daga 1981 ƙungiyar gidajen zu ta Amurka ta fara shirin haɗa kai wajen kiwon nau'o'in da ke gab da ƙarewa, ana musayar dabbobi tsakanin gida da gida bisa littafin asali. Wanda ba ya cikin wannan da'ira ba zai samu komai ba. Disney ta ɗauko Rick Barongi daga gidan zu na San Diego, ta kafa kwamitin mashawarta da ya haɗa da William Conway na Bronx da Terry Maple na Atlanta, ta kuma buɗe asusun tallafa wa kare namun daji a 1995, shekarar da aka fara ginin. Conservation Station ɗa ne na wannan yarjejeniya: wurin da kamfanin nishaɗi zai nuna cewa ba wasa kaɗai ya zo yi ba.

An kashe kuɗi kamar ba gobe. Fili ne mai eka fiye da 500, kuma filin safari kaɗai ya kai eka 110. Bishiyar da ke tsakiya, mai tsawon ƙafa 145, an tayar da ita ne a kan ƙarafan dandamalin haƙar mai na teku, aka sassaƙa dabbobi sama da 300 a jikinta. An ɗauko masu jinka 'yan ƙabilar Zulu daga Afirka ta Kudu suka yi rufin Harambe. Amma kafin a buɗe ƙofa sai labarin mutuwa ya fara fita. Dabbobi kusan talatin suka mutu a watannin shiri, ciki har da karkanda, da dorina, da gauraka biyu na Afirka ta Yamma da motocin safari suka take. Ma'aikatar noma ta Amurka ta yi bincike ta ce ba ta ga an karya doka ba. Duk da haka, ranar 22 ga Afrilun 1998 da aka buɗe wurin, Jane Goodall tana ciki a matsayin babbar baƙuwa, masu zanga-zangar kare haƙƙin dabbobi kuma suna waje da kwalayensu.

Wanda ya shiga motar safari abin da zai gani daji ne da aka tsara shi inci-inci. Kukokin siminti ne, haka ma surin gara. Ramukan da suka raba zakuna da jakunan dawa an ɓoye su a bayan tudu da ciyawa, an sanyaya duwatsun da zakunan ke kwanciya don su zauna inda ido zai same su, ana kuma ajiye abinci a inda raƙumin dawa zai fito kusa da hanya. A shekarun farko har da labarin mafarautan sata da ake bi a guje don ceto ɗan giwa. An ma ƙera gawar uwar giwar, amma aka janye ta kafin buɗewa saboda yadda ta tayar wa iyalai hankali a lokacin gwaji. Duk wannan sihiri yana rushewa idan aka ga katangar ƙarfe da motar kwasar kashi. Shi ya sa aka kai asibitin can bayan fage, kuma shi ya sa kujerun jirgin suke kallon gefe guda, suna nuna wa fasinja ɗakunan kwanan karkanda da giwaye gwargwadon abin da aka yarda ya gani.

A cikin ginin kuwa babu siminti mai kama da itace. Ɗakin tiyata ne na gaske, bangonsa ɗaya gilashi. Idan an yi sa'a, za a tarar an kwantar da wata dabba a kan tebur, an sa mata bututun iska, ma'aikaciya ɗaya tana lura da bugun zuciya, wani yana ɗibar jini, likita yana duba haƙora ko yana ɗaukar hoton ƙashi. Kyamarar da ke sama tana haska abin da hannun likitan yake yi a kan allo, wani ma'aikaci a waje yana amsa tambayoyin yara. Wani lokaci majinyacin ba ma ɗan gidan ba ne, kunkurun daji ne da mota ta fasa wa ƙoƙo a titi. A gefe akwai tagar da ake nuna yadda ake auna abincin kowace dabba a sikeli, da ɗakin bincike inda ake gane ko giwa ta ɗauki ciki ta hanyar auna sinadaran jikinta a jini ko a kashi, sai akwatunan gilashi na macizai da kwaɗi da gizo-gizo. Matsalar ita ce wadda aka faɗa wa Walt a 1955. Ba a yi wa dabba tiyata don baƙo ya zo. Yawancin aikin da safe ake yin sa, wanda ya iso da la'asar ɗaki fayau zai gani da fitila a kashe.

Jama'a ba su yi tururuwa ba. Cikin 'yan shekaru aka sauya wa yankin suna zuwa Rafiki's Planet Watch, aka jingina shi da birin nan na fim ɗin The Lion King ko yara za su ja iyayensu. Abin da ya riƙe wurin a zahiri shi ne wani ɗan garke a waje, inda aka riƙa ba yara buroshi su taje tumaki da awaki, ciki har da gajerun nan da Amurkawa ke kira Nigerian Dwarf, jikokin awakin kurmin Afirka ta Yamma. Bahaushen da ya ƙetare teku ya biya kuɗin da zai sayi akuya sukutum don ya shafa bayan akuya, dole ya yi dariya. Ga yaron da ya tashi a bene na ashirin a New York kuwa, wataƙila wannan ce dabbar farko da ya taɓa wadda ba kare ko kyanwa ba.

Ana iya cewa duk wannan kwalliya ce, kuma masu suka sun faɗa. Kamfanin da kansa ya yi shekaru yana talla cewa wurin ba gidan zu ba ne, alhali yana riƙe da takardar amincewar ƙungiyar gidajen zu. Masu adawa da tsare giwa ba su sauya ra'ayi ba don an faɗaɗa mata fili. Asusun kare namun dajin ya raba sama da dala miliyan 100 tun 1995, kuɗi mai yawa ga masu bincike a daji, amma ɗan kaɗan idan aka auna da cinikin wurin da ya karɓi baƙi kusan miliyan 14 a 2019 kaɗai.

Sai dai akwai ayyukan da ba a iya kira talla. Karkanda ta ƙare ƙaf a dajin Uganda a farkon shekarun 1980 saboda yaƙi da farautar sata. A 2006 aka ɗauki fararen karkanda biyu da aka haifa a Animal Kingdom, mace da namiji, aka kai su gandun Ziwa, inda suka tarar da wasu huɗu daga Kenya. A 2009 macen ta haifi ɗa, na farko da aka haifa a ƙasar cikin shekaru fiye da ashirin. Da yake uwar daga Amurka take, uban kuma daga Kenya, sai aka raɗa masa Obama. Haka nan Joseph Soltis, masanin sautin dabbobi na Disney, ya yi aiki da Lucy King ta ƙungiyar Save the Elephants a Kenya, suka wallafa a 2010 cewa giwaye suna da wani gurnani na musamman da suke gargaɗin juna da shi idan sun ji ƙudan zuma. Binciken King ne ya haifar da shingen amya da manoma ke kewaye gonakinsu da shi don giwa ta kauce ba tare da an harbe ta ba. Anne Savage, wadda ta daɗe tana jagorantar sashen kare dabbobi na kamfanin, ita ta kafa shirin ceto ƙananan biran nan masu farin tukku a Kolombiya, kuma an daɗe ana nuna irinsu a hanyar shiga ginin.

A Oktoban 2018 aka rufe yankin, mutane da yawa suka ɗauka shi ke nan, musamman da yake shekara guda kafin nan an buɗe sashen Pandora na fim ɗin Avatar, inda ake bin layin sa'o'i don hawa dabbar da ba ta taɓa wanzuwa ba. Ba a rufe asibitin ba ko na yini ɗaya, baƙi kawai aka hana zuwa. A Yulin 2019 aka sake buɗewa, an ƙara ajin koyon zane inda aka riƙa koya wa mutum zana dabbobin finafinan Disney cikin kusan rabin sa'a, a ɗaki mai sanyi, abin da ya jawo wasu da ba ruwansu da tiyata.

Wanda yake da yini ɗaya tak, kuma lilo ya kawo shi, ba zai yi asarar komai ba idan ya bar jirgin ya wuce. Mai ƙananan yara zai samu inuwa. Ɗalibin likitancin dabbobi, ko duk wanda ya sauko daga motar safari yana tambayar ina waɗannan dabbobi suke kwana, wa yake duba su idan sun yi ciwo, shi ne aka gina wa wurin, da sharaɗin ya hau jirgin farko na safe ya kuma tambayi ma'aikatan tasha ko likitoci suna da aiki ranar.