Tarihi da Tsare Sirrin Jama'a: Misalin Suwidin da Jamus

Abin da wata al'umma take ɓoyewa, wata ba ta ganin aibin bayyana shi, kuma sau da yawa tarihi ne ya raba su. A ƙasar Suwidin, tun shekarar 1766 doka ta bai wa talaka ikon duba takardun hukuma, har ya kasance mutum yana iya bincika bayanan haraji ya san abin da maƙwabcinsa yake samu.

Jamusawa kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. A ƙidayar 1939 gwamnatin Nazi ta tambayi kowa asalin kakanninsa domin ta ware Yahudawa. A ganinmu, wannan tabo yana cikin dalilan da suka sa jihar Hesse ta riga kowa a duniya kafa dokar kare bayanan mutane a 1970. Da aka shirya wata ƙidaya a 1983, sai jama'a suka yi tsaye, Kotun Tsarin Mulki ta dakatar da ita, sannan ta yanke hukunci cewa kowane mutum yana da haƙƙin zaɓen abin da za a sani game da shi. Ba a yi ƙidayar ba sai 1987, bayan an sake dokar.