Filayen wasan yara: Wa ke da alhakin kula da su, kuma me ke lalata su?

A yawancin biranen Najeriya, ba a rana ɗaya filin wasan yara ke mutuwa ba. Sarƙar lilo ce ke fara tsinkewa, a bar ta. Ƙwan fitila ya ƙone, ba wanda ya sauya shi. Ciyawa ta rufe wurin da damina, iyaye su hana yara zuwa, sannan masu neman ƙarfe su zo su kwashe abin da ya saura. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sakaci ne ke share wa ɓarna hanya, shi ya sa tambayar farko ita ce: wa doka ta ɗora wa nauyin wurin?

Abin da doka ta ce

Wasa haƙƙi ne da doka ta bai wa yaro. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Kare Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya tanadi haƙƙin hutu da wasa. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta maimaita wannan a sashe na 12.

Game da kula da wuraren kuwa, Jadawali na Huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya sanya ginawa da kula da lambuna, wuraren shaƙatawa da filayen jama'a cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Sai dai Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ikon filayen cikin birane a hannun gwamna. Ke nan ƙaramar hukuma ce ke da nauyin gyara, amma jiha ce ke da ikon cewa fili ya ci gaba da zama na wasa ko ya koma fuloti. A wannan ratar ce filaye da dama ke faɗawa, kowane ɓangare na nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Wasu wuraren sun ware hukuma ta musamman. Legas tana da LASPARK, Abuja kuma tana da Sashen Kula da Lambuna da Wuraren Shaƙatawa a ƙarƙashin Hukumar Babban Birnin Tarayya.

Ɓarna iri uku

Ta farko ita ce satar ƙarfe. Lilo, shinge, sandunan fitila da wayoyi duk suna da kuɗi a kasuwar gwangwan. Matsalar ta kai ga a watan Janairun 2025 hukumomin Abuja suka haramta jari-bola a cikin birnin, suka kuma dakatar da kasuwannin panteka na mako biyu, bayan yawaitar satar murafan ramukan tituna.

Ta biyu ita ce sauya amfanin wuri a hankali: ya zama juji, ko wurin ajiye motoci, ko mafakar masu shaye-shaye da dare.

Ta uku ta fi sauran illa, domin da takarda ake yin ta, wato yanka filin jama'a a gina shaguna ko gidaje. Lilon da aka sace ana iya sayo wani, amma filin da aka gine da wuya ya dawo. Filin Idin Ƙofar Mata a Kano ba filin wasan yara ba ne, amma ya nuna tsadar irin wannan kuskure. An gina shaguna a wurin a zamanin gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe su a watan Yunin 2023, Babbar Kotun Tarayya ta ce a biya 'yan kasuwar diyyar naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. Daga aljihun jama'a aka biya.

A jihohin Arewa, Kundin Hukunta Laifuka na Final Kod ya ɗauki lalata dukiya da gangan a matsayin laifi mai hukuncin ɗauri ko tara. Kare kadarorin gwamnati kuma na daga cikin ayyukan da doka ta ba jami'an Sibil Difens.

Yadda kulawa take a aikace

Ƙa'idar da ake bi a ƙasashen Turai ta raba binciken filin wasa gida uku: dubawa da ido a kai a kai don gano fasasshen gilashi ko sarƙar da ta tsinke, gwajin kayan wasa duk bayan wata ɗaya zuwa uku, da cikakken bincike sau ɗaya a shekara. Babu ɗaya daga cikinsu da ke buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da ake buƙata shi ne mutum takamaimai mai littafin da yake rubuta abin da ya gani.

Yanayinmu na da nasa sharuɗɗan. Ƙarfen da ya sha ranar watan Afrilu na iya ƙona fatar yaro, don haka itatuwan inuwa irin su darbejiya wajibi ne. Bayan damina sai a duba tsatsa a sake fenti. Faɗowa ce ta fi jawo rauni a filayen wasa, don haka yashi mai kauri ya kamata a zuba a ƙarƙashin lilo maimakon siminti.

Wajen kariya, shingen da ake hango ciki ya fi katanga mai tsawo, saboda katanga ɓoye mai ɓarna take yi. A sa fitila mai aiki da hasken rana a wurin da hannu ba ya kaiwa, a yi wa ƙusoshi walda, a gyara duk abin da ya karye cikin 'yan kwanaki. Mafi ƙarfin tsaro kuma shi ne jama'a. Filin da mai shayi ke gefensa, dattawa ke zama a inuwarsa, ƙungiyar ƙwallon unguwa ke atisaye a cikinsa, ba ya zama kufai.

Inda kuɗin ke maƙalewa

Ɗan siyasa na samun yabo ranar yanke kintinkiri, amma ba wanda ke ɗaukar hoton mai ɗaure ƙusa. Saboda haka ake ware kuɗin gini a kasafin manyan ayyuka, a manta da kuɗin gyara a kasafin yau da kullum. Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya ba mazauna unguwa hujjar tambayar ciyaman ɗinsu nawa ya ware wa wannan aiki.

Abin da matasa za su iya yi

A fara da neman taswirar unguwa daga hukumar tsara birane, kamar KNUPDA a Kano ko KASUPDA a Kaduna, domin sanin filayen da aka keɓe wa jama'a. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙatar da aka rubuta mata. A ɗauki hoton wurin da kwanan wata, a kafa kwamiti da ya haɗa da mai unguwa, iyaye mata da matasa, sannan a kai wa kansila koke a rubuce. Da zarar an ga an kafa turaku ko an sauke bulo a filin, lokacin magana ya yi, tun kafin a zuba harsashin gini.