Ruwan da ke Bakin Tantani: Tarihin Wata Gardamar Masana

Kowace ƙwayar halitta ta jikinmu a lulluɓe take da wani tantani na maiƙo, mai kaurin kamar nanomita 5, watau kashi 5 cikin miliyan na milimita. Ciki da wajensa duk ruwa ne. Tambayar da zan bi tarihinta ita ce: ruwan nan da ke manne da tantanin, irin na randa ne, ko kuwa wani abu ne dabam?

Da fari maiƙon aka sa wa ido, ruwa kuwa aka ɗauke shi tamkar faifan shanya. A 1774 Benjamin Franklin ya ba da labarin yadda cokalin shayi guda na mai ya rufe kusan rabin eka a wani tafki na Clapham, kusa da Landan. Lord Rayleigh ya auna kaurin irin wannan shimfiɗa a 1890. Sa'an nan a 1925 Gorter da Grendel, a Leiden ta ƙasar Holan, suka tatso maiƙon jajayen ƙwayoyin jini, suka shimfiɗa shi a kan ruwa, suka tarar ya rufe ninki biyu na faɗin ƙwayoyin, suka ce ashe tantanin ruɓi biyu ne. Sun dace, gama daga baya an gane kurakurai biyu ne cikin awonsu suka kashe juna.

Kowane molekul na maiƙon nan yana da kai mai son ruwa da wutsiya biyu masu gudunsa, don haka wutsiyoyin suke ɓuya a tsakiya, kawunan suna fuskantar waje. Ashe ke nan ruwa ne ke riƙe da sifar tantanin. A 1945 Frank da Evans suka kamanta ruwan da ke kewaye da abu marar son ruwa da tsibirin ƙanƙara. Misali kawai suka yi, amma da yawa suka ɗauke shi a zahiri, zato ya yi ƙarfi cewa ruwa yakan sandare a gefen duk abin da ya taɓa.

Mai raba gardama shi ne ilmin bakan haske. Haɗin da ke tsakanin oksijin da haidirojin a molekul na ruwa yana kaɗawa kamar tsirkiya, yana kuma shanye hasken infarared wanda ya dace da kaɗawarsa. In maƙwabci ya riƙe haidirojin ɗin, sai kaɗawar ta sassauta. Saboda haka wanda ya auna hasken da aka shanye, ya san yadda ruwan yake zaune da maƙwabtansa.

Amma fa ko wannan awo ya taɓa ruɗar masana. A 1962 Nikolai Fedyakin a Tarayyar Sobiyet ya tara ruwa cikin siraran bututan gilashi, ya ga yana da danƙo, ba ya daskarewa inda ruwa ke daskarewa. Boris Deryagin na Masko ya ɗauki zancen ya yaɗa, kuma a 1969 Ellis Lippincott a Amurka ya fito da bakan infarared ɗinsa, ya ce sabon nau'in ruwa ne, aka raɗa masa suna polywater. A wannan shekarar dai waɗansu da suka auna ruwan tsoka da na'urar NMR, mai sauraren haidirojin cikin maganaɗisu, suka ce ruwan cikin ƙwayar halitta a ɗaure yake. Magana ta yi nauyi, don in haka ne, to, yawancin abin da ake koyarwa game da aikin tantani ya rushe. Sai Denis Rousseau na Bell Labs ya matse guminsa daga rigar wasa, ya auna, ya sami baka kusan iri ɗaya da na sabon ruwan. Dauɗa ce kawai. A 1973 Deryagin ya janye. Na tsoka kuwa, an fahimci ɗan kaɗan ne na ruwan ke riƙe da sassan ƙwayar, yana ta musanya wuri da sauran.

A ganina wahalar ta gaskiya ita ce ƙarancin ruwan bakin tantani: muryarsa takan nutse cikin ta ɗimbin ruwan da ke bayansa. Y. Ron Shen na Jami'ar Kalifoniya a Berkeley ya buɗe hanya a 1987. Akan haɗa hasken lesa biyu a wuri ɗaya, su haifi na uku, wanda ba ya fitowa sai daga inda molekul suka karkata gefe guda, watau a kan iyaka. Da aka gwada wannan a shimfiɗar maiƙo, aka ga ruwan a jere yake: in kawunan maiƙon suna ɗauke da cajin lantarki mai ragi, ruwan yakan miƙa musu haidirojinsa. Lesa mai walƙiya cikin ƙanƙanen lokaci ta ƙara da saurin motsi. Molekul na ruwan randa yakan juya cikin kamar fikosakan 2 zuwa 3, fikosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan sau miliyan na daƙiƙa. Wanda ke riƙe da fosfet ɗin kan maiƙo ya fi haka nawa sau da yawa, amma yana juyawa. Kuma a cikin ruwa mai gishiri irin na jiki, wannan bambanci bai cika zarce nanomita guda ba.

Saura wani ƙulli. A 1976 LeNeveu da Rand da Parsegian suka matsa tantani biyu kusa da juna, suka tarar suna ture juna da ƙarfi ƙwarai in tazarar ta ƙuntata, suka danganta haka ga ruwan da ke jere a tsakani. Israelachvili da Wennerström suka ce a'a, kawunan maiƙon ne ke motsi suna leƙowa suna karo. Lissafin kwamfuta na shekarun baya ya ba kowane ɓangare rabonsa, ana kuma ci gaba da jayayya kan ko wanne ya fi rinjaye.