Yadda Likitoci Suka Koyi Auna Ƙashin Hannu

A shekarar 1800 wani matashin likita a birnin Faris, Landré-Beauvais, ya bayyana wata cuta da ya gani a jikin mata matalauta a asibitin Salpêtrière: yatsu su kumbura, su sandare, a hankali su karkace. Wannan shi ne amosanin gaɓɓai, irin wanda garkuwar jiki ke juyowa ta yaƙi mai ita. Likitocin wancan zamani ido da taɓawa kaɗai gare su. Ɓarnar da ke cikin ƙashi ba mai ganinta muddin majiyyaci na da rai.

A 1895 Röntgen ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi a Jamus, har ya ɗauki hannun matarsa, ga ƙasusuwa ga zobe. Sai dai samun hoto daban, auna shi daban. Likitoci biyu su ɗaga hoto ɗaya, wannan ya ce da sauƙi, wancan ya ce abin ya yi nisa. Don magance wannan, wani likita, Steinbrocker, ya kasa cutar zuwa mataki huɗu a 1949. A 1971 John Sharp na Amurka ya bi gaɓɓan hannu ɗaya bayan ɗaya, yana ba da maki kan zaizayar ƙashi da matsewar tsakanin gaɓa. Désirée van der Heijde ta ƙasar Holan ta haɗa da ƙafafu a 1989, iyakar jimillar makin ta kai 448, kuma har yau da shi ake gwada sababbin magunguna.

Ni dai aikin Barnett da Nordin na 1960 ya fi shiga raina, saboda sauƙinsa. Sukan aza ma'auni a kan hoton ƙashin bayan hannu da ke riƙe da manuniya, su auna faɗinsa, su auna ramin ɓargo, su ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne kaurin bangon ƙashin. Don raunin ƙashi na tsufa suka ƙirƙiro dabarar, amma yau kwamfuta na yin ta a ƙasusuwa uku na tsakiya ga masu amosani. Bangon da ya sirance tun shekarar farko ta cutar gargaɗi ne cewa zaizaya na tafe, kuma ƙashin da ya zaizaye da wuya ya koma yadda yake.

Don haka, mai karatu, in mahaifiyarka ko yayarka ta ɗauki makonni tana tashi da yatsun hannayenta biyu a kumbure, a sandare, kada a tsaya kan man zafi ana cewa sanyi ne. A kai ta wurin likita tun yatsun ba su karkace ba.